ƘAGEWAR MUƘAMUƘI DA YADDA AKE GYARA TA DA ƘASHIN HAƘARƘARI



Kafin in shiga maganar da ta tara mu, ina roƙon kowa ya yi wani ɗan gwaji. Ka haɗa yatsunka uku na tsakiya, ka tsayar da su ɗaya bisa ɗaya, ka buɗe baki, ka ga ko za su shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa. Mutum mai lafiya, yaro ko babba, yatsunsa uku sukan shiga ba da wata wahala ba. Wannan shi ne misalin santimita 4, kuma shi ne awon da likitoci suke ɗauka a kan lafiyayyen buɗin baki.

To, a cikin ƙasar nan tamu akwai yara da manya waɗanda ko yatsa ɗaya ba ya shiga bakinsu. Wasu ma ko bakin cokali ba ya wucewa. Sun yi shekara da shekaru ba su tauna lomar tuwo ba, sai kunu da koko da ake ɗura musu ta ratar haƙora. Yawancinsu suna ɓoye a cikin gida, ba makaranta, ba dandali, domin iyaye sun ɗauka iska ce, ko sammu, ko kuwa wata halitta ce wadda ba ta da magani. Abin da na zo in shaida muku shi ne, wannan larura tana da suna, an san abin da ke kawo ta, kuma likitocinmu suna gyara ta. Ɗaya daga cikin hanyoyin gyaran ita ce a yanko ɗan guntun haƙarƙarin mai ciwon, a dasa masa shi a gaban kunne ya zama sabuwar gaɓa. Amma fa aikin likita rabi ne. Sauran rabin yana hannun iyaye, tun daga kai yaro asibiti da wuri har zuwa motsa masa baki bayan an sallame shi.

YADDA GAƁAR MUƘAMUƘI TAKE

Idan ka ɗora yatsa a gaban kunnenka, ka buɗe baki ka rufe, za ka ji wani abu yana motsi a ƙarƙashin fata. Wannan shi ne kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa. Yana da siffar ɗan dunƙule, yana zaune cikin wani gurbi a gindin ƙoƙon kai. Tsakanin dunƙulen da gurbin akwai wani ɗan faifai mai laushi, da ruwa mai santsi, domin kada ƙashi ya goga ƙashi. Akwai irin wannan gaɓa a dama, akwai a hagu, kuma da yake muƙamuƙin ƙasa ƙashi ɗaya ne lanƙwasasshe, dole su biyun su motsa tare. In ɗaya ta tsaya, ɗayar ma ba ta da ikon tafiya, ko da kuwa lafiyarta ƙalau.

Wannan dunƙule yana da wani aiki na biyu ga yaro, wanda mutane da yawa ba su sani ba. A samansa akwai guringuntsi, kuma daga nan ne muƙamuƙi yake samun babban rabo na girmansa. Muddin yaro yana girma, wannan wuri yana ƙara ƙashi, yana tura haɓa gaba da ƙasa, har fuska ta cika ta zama ta babban mutum. Saboda haka duk abin da ya ɓata wannan gaɓa ga ƙaramin yaro, ɓarna biyu ya yi: ya hana baki buɗewa, ya kuma tsayar da girman fuska.

ABIN DA KE ƘAGE TA

Likitoci suna kiran wannan larura ankilosis, watau ƙagewar gaɓa. Ma'anarta ita ce ƙashin muƙamuƙi ya manne da ƙashin kai, ko dai da tabo mai tauri kamar jijiya, ko kuwa da sabon ƙashi wanda ya tsiro ya haɗe su ya mai da su abu guda. Manyan abubuwan da ke kawo ta a ƙasarmu uku ne.

Na farko shi ne faɗuwa a kan haɓa. Mu ɗauki misalin yaro ɗan shekara 5 wanda ya faɗo daga bishiyar mangwaro, ko daga kan katanga, ko daga bayan babur. Haɓarsa ta bugi ƙasa, ta tsage, aka wanke, aka ɗinke ko aka sa magani, ciwon ya warke, kowa ya manta. Abin da ba a gani ba shi ne, ƙarfin bugun ya bi ƙashi ya hau har gaban kunne, ya farfasa dunƙulen nan, jini ya kwanta a cikin gaɓar. Yaro yana jin zafi in ya buɗe baki, don haka sai ya daina buɗewa sosai. Jinin da ya kwanta kuwa, in ba a motsa gaɓar ba, sannu a hankali sai ya zama tabo, tabon ya zama ƙashi. Bayan wata shida ko shekara guda sai uwa ta lura lomar yaronta tana ƙanƙancewa. Sau da yawa likita yakan gane asalin abin da ɗan tabon da zai gani a ƙarƙashin haɓa, wanda su iyayen sun daɗe da mantawa da shi.

Na biyu shi ne ciwon kunne mai zubar da mugunya. Tsakanin cikin kunne da gaɓar muƙamuƙi ƙashi ne siriri ƙwarai, musamman ga jarirai da ƙananan yara. Idan aka bar kunne yana ruwa wata da watanni ba magani, ƙwayoyin cuta sukan ƙetara su shiga gaɓar su cinye ta. Haka kuma ƙurjin haƙori da ya yi tsanani, ko cutar da ta bi jini daga wani wuri a jiki.

Na uku shi ne zaizayar baki, cutar da likitoci suke kira noma, ba noman gona ba. Takan kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun abinci mai gina jiki, sau da yawa bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da gyambo a dasashi, cikin 'yan kwanaki ta ci kunci da leɓe da ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba magani, wajen 9 cikin 10 na yaran da ta kama ba su tashi. Waɗanda suka rayu, tabon da ta bari yakan ɗaure muƙamuƙi da ƙashin kunci, baki ya kulle. A nan sau da yawa gaɓar kanta lafiyarta lau, maƙalewar tana waje da ita ne, saboda haka aikin da ake yi musu yakan bambanta, kuma ba kullum ake bukatar haƙarƙari ba. Likita ne zai rarrabe, bayan ya ɗauki hoton ƙashi.

Akwai kuma abin da ya wajaba in ja kunnenku a kansa. Ƙagewar da nake magana a kanta a hankali take zuwa, cikin watanni, kuma galibi ba ta da zafi. Idan bakin mutum ya kulle farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, da sandarewar wuya ko zaburar jiki, musamman bayan ya taka ƙusa ko ya ji wani rauni, wannan sarƙe-haƙora ce, kuma tana kisa. A kai shi asibiti a ranar, kada a jira gari ya waye.

ABIN DA TAKE JAWOWA

Wanda bakinsa ya ƙage tun yana ƙarami, wahalarsa ba ta tsaya ga ci ba. Ba ya iya tauna, don haka yakan rame, ya tsumbure. Ba ya iya wanke bayan haƙoransa, sai su ruɓe, baki ya yi wari, kuma ko likitan haƙori ba shi da hanyar shiga ya cire wanda ya lalace. Maganarsa takan fito ta tsakanin haƙora. Wasu iyaye, don tausayi, sukan sa a fasa haƙoran gaba a sami kafar ɗura abinci, ga shi kuwa wannan ƙarin ɓarna ce.

Sa'an nan ga fuska. In gefe ɗaya ne ya ƙage, wannan gefen sai ya daina girma, ɗayan ya ci gaba, haɓa ta karkace zuwa wajen da ke da ciwon. In duka biyun ne, haɓa sai ta tsaya ƙarama, ta koma baya, kamar babu ita. Idan haɓa ta koma baya, harshe ma yakan koma baya, ya tare hanyar numfashi lokacin barci. Irin wannan yaro yakan yi minshari mai ƙarfi, numfashinsa ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, ya wayi gari a gajiye. Kuma in amai ya taso masa, ba ƙofar fita, yana iya shaƙe shi. Ke nan magana ce ta rai, ta wuce ta kyan fuska.

Duk shekarar da aka ƙara ana jira, ƙashin da ya haɗe yana ƙara kauri, karkatar fuska tana ƙaruwa, aikin gyara yana ƙara girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

DON ME HAƘARƘARI?

Idan likita ya sare ƙashin da ya haɗe, baki zai buɗe, amma sai a bar rata inda dunƙulen yake a da. Wannan gefen muƙamuƙi ya gajarta ke nan, kuma ba shi da wurin girma. Ana bukatar wani abu da zai cike tsawon, ya yi santsi a cikin gurbi, ya kuma girma tare da yaron. A nan ne haƙarƙari ya shigo.

Ɗan Adam yana da haƙarƙari 24, watau 12 a dama, 12 a hagu. Kowannensu ƙashi ne daga baya, amma ta gaban ƙirji yakan ƙare da guringuntsi. Duk wanda ya taɓa cin awaza ya san wannan farin abu mai garas-garas da ke bakin ƙashin. Daidai inda ƙashi ya sadu da guringuntsi, nan ne haƙarƙarin yaro yake girma. Idan aka yanko wannan mahaɗa, ƙashi da ɗan guringuntsi a kansa kamar hula, sai ka ga ya yi kama da kan muƙamuƙi, a siffa da kuma a aiki.

Masu lambu sun san wannan hikima. Sukan yanko reshen mangwaro mai kyau su ɗaura a jikin wani, su yi musu aure, reshen ya kama ya ci gaba da tsiro. Dashen haƙarƙari haka yake, sai dai a nan reshen da uwar duk na jiki ɗaya ne. Wannan kuwa babbar fa'ida ce, domin jiki ba ya ƙin abin da yake nasa. Ba a bukatar irin magungunan da ake ba wanda aka dasa wa ƙodar wani, ba a bukatar neman mai bayarwa, ba a kuma bukatar sayo wata gaɓar ƙarfe daga ƙasar waje da kuɗi masu yawa. Bugu da ƙari, likita yakan bar yanar da ta lulluɓe haƙarƙarin a wurinta, kuma daga wannan yana sabon ƙashi yakan tsiro ya cike gurbin, musamman ga yara.

Wannan aiki ba sabo ba ne. Wanda aka fi jingina farkonsa gare shi shi ne Sir Harold Gillies, likitan fiɗa haifaffen Niyuzilan, wanda ya yi aiki a Ingila yana gyaran fuskokin sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918. Ya bayyana dashen a 1920. A 1974 wani masani, David Poswillo, ya gwada shi a kan birai, ya nuna cewa guntun haƙarƙari yakan kama, ya sāke siffa ya koma kamar kan muƙamuƙi na asali. A 1990 kuma Leonard Kaban da abokan aikinsa a Amurka suka tsara matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, tsarin da likitoci da yawa a duniya suka ɗauka. Mu ma ba a bar mu a baya ba. A 1983 Farfesa Adekeye, na sashen fiɗar baki da fuska na asibitin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kaduna a lokacin, ya wallafa nazarin da ya yi a kan mutum 76 masu ƙagewar muƙamuƙi. Likitocinmu sun daɗe da sanin wannan larura.

YADDA AKE YIN AIKIN

Da farko akan ɗauki hoton ƙashi, in da hali irin na na'urar sikanin wadda ke nuna ƙashi ta kowace fuska, domin a ga girman abin da ya haɗe. Akan auna jini, a duba ƙirji. In yaron ya rame ƙwarai, akan fara gina jikinsa da abinci tukuna. Akan kuma nemi dangi su ba da jini a ajiye. Likita zai yi wa iyaye bayani, su sa hannu da yardarsu.

Wuri mafi wuya shi ne sa barci. Duk wanda za a yi wa babbar tiyata, akan zura masa bututun numfashi ta baki zuwa maƙogwaro. Ga shi nan kuwa baki a kulle. Saboda haka likitan barci yakan bi ta hanci, da wata siririyar na'ura mai fitila da yake gani da ita. In haka ba ta yiwu ba, akan yi ɗan huji a gaban wuya a sa bututun ta nan, kuma hujin yakan rufe bayan an cire shi. Wannan shi ne dalilin da ya sa aikin ba na ƙaramin asibiti ba ne, balle na maɗori ko wanzami.

Bayan yaro ya yi barci, likita yakan tsaga a gaban kunne, ya kai ga ƙashin da ya haɗe, ya sare shi duka, ya buɗe rata mai faɗi. In an bar saura, to, an bar iri ke nan. Akwai kuma wani ɗan ƙahon ƙashi a gaban gaɓar, inda naman tauna na gefen kai yake kamawa. Shekarun da baki ya yi a rufe sukan sa wannan nama ya gajarta ya riƙe muƙamuƙi, don haka akan yanke ƙahon, wani lokaci har na ɗaya gefen. Abin da ake nema shi ne baki ya buɗe kamar milimita 35 tun yaron yana kan gadon tiyata. Sa'an nan akan shimfiɗa wani abu mai laushi a cikin gurbin, galibi yanar naman gefen kai, ko faifan asali in bai lalace ba, domin ya raba tsakanin ƙashi da ƙashi.

Daga nan sai ƙirji. Akan ɗauko daga haƙarƙari na 5, ko na 6, ko na 7, kuma likitoci da yawa sun fi son ɓangaren dama, nesa da zuciya. Tsagar ƙarama ce, a lanƙwasar da ke ƙarƙashin mama. Ga 'ya mace akan kiyaye sosai, a kauce wa tushen mama, yadda in ta girma tabon zai ɓuya, kuma ba abin da zai taɓa shayarwarta. Akan yanko ƙashi tsawon santimita kaɗan, da guringuntsi 'yan milimita a kansa. Ba a barin guringuntsin da yawa, domin an lura in ya yi yawa dashen yakan zarce wajen girma.

Sai a yi wata tsaga a ƙarƙashin kusurwar muƙamuƙi, a zura guntun, kan guringuntsin ya zauna cikin gurbi, a ɗaure jikinsa da muƙamuƙi da ƙananan kusoshi na ƙarfen da ba ya tsatsa a jiki, ko da waya. Wani lokaci akan ɗaure haƙoran sama da na ƙasa na 'yan kwanaki domin dashen ya zauna daidai, amma a tsarin Kaban ba a son wannan ɗauri ya wuce kwana 10, gudun kada gaɓar ta sāke kamawa.

ABIN DA KA IYA FARUWA

Ba daidai ba ne in gaya muku alherin aikin in ɓoye muku haɗarinsa. A bayan haƙarƙari akwai tantanin da ya lulluɓe huhu. Wani lokaci yakan ɗan yage wajen ciro ƙashin, iska ta shiga. Likita yakan duba tun a wurin, ya ɗinke, ko ya sa ɗan bututu na kwana kaɗan. Ƙirji yakan yi ciwo na wani lokaci, musamman wajen tari.

Jijiyar da ke motsa fuska tana ratsawa ta gaban kunne, daf da inda ake aiki. In ta sha ja, yaro yakan tashi ba ya iya ɗaga gira ko rufe ido sosai a wannan gefe. Galibi wannan yakan warware cikin makonni ko watanni.

Babban abin da likitoci suke faɗa a fili shi ne, ba mai iya cewa ga daidai yadda dashen zai girma. Ga wani yaro yakan girma daidai da ɗaya gefen. Ga wani yakan gaza, ga wani kuma yakan wuce, har haɓa ta karkata zuwa ɗaya ɓangaren. Wani dashen yakan narke ko ya karye. Saboda haka dole a riƙa mai da yaro ana duba shi har ya gama girma, kuma wasu sukan bukaci aiki na biyu don daidaita fuska da haƙora bayan sun balaga. Wannan ba alamar an yi kuskure ba ne.

Saboda waɗannan dalilai akwai wasu hanyoyi. Wani majiyyacin sare ƙashi da shimfiɗa yana kaɗai sun ishe shi. Akwai dabarar tsaga muƙamuƙi a sa wata 'yar na'ura da ake murzawa kullum, tana jan ƙashi misalin milimita 1 a rana, sabo yana tsirowa a tsakani. Ga babban mutum da ya gama girma akwai gaɓar ƙarfe da roba, ko da yake tana da tsada. Amma ga yaro mai girma, haƙarƙari yana nan cikin hanyoyin da aka fi dogara da su. Zaɓin na likita ne, bisa ga shekaru da abin da hoto ya nuna.

RABON IYAYE

Yanzu na iso inda na fi so ku riƙe. Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne baki ya sāke ƙagewa, kuma babban dalilinsa shi ne barin motsa baki. Jiki bai san likita ya buɗe rata da gangan ba. Shi a wurinsa karaya ce, kuma aikinsa shi ne ya ɗinke ta da sabon ƙashi. Motsi ne kaɗai yake hana shi.

Za a koya muku yadda ake yi kafin a sallame ku. Akan yi amfani da 'yan katakai masu faɗi, irin waɗanda likita yake danne harshe da su. Akan jera su ɗaya bisa ɗaya tsakanin haƙoran gefe, a bar su na ɗan lokaci, a riƙa ƙara guda a hankali. Ana yin haka sau da yawa kowace rana, har tsawon wata 6 zuwa shekara guda, ko fiye, yadda likita ya tsara. Ku riƙa ƙirga katakan kuna rubutawa. In jiya 20 sun shiga, yau 17 kaɗai, gobe 15, kada ku jira ranar da aka ba ku, ku koma asibiti.

Abin yana da zafi, musamman a makonnin farko. Yaro zai yi kuka, zai gudu, zai ɓuya bayan kakarsa, ita kuwa za ta ce, "Haba, ku ƙyale mini shi haka nan, ai ya sha wuya." Wannan tausayi ne, amma tausayin da zai mai da shi gidan jiya. A ba shi maganin rage zafi da likita ya rubuta kafin a fara, a lallashe shi, a haɗa abin da lokutan da ba a mantawa, kamar bayan kowace salla ko kafin kowane cin abinci. A sa mutum ɗaya a gida ya zama shi ne mai wannan aiki, kada a bar shi ga kowa da kowa. Malamin makaranta ma a sanar da shi. Da zarar likita ya ba da izini, a bar kunu, a koma abinci mai tauna, domin tauna ita ma magani ce.

INDA ZA A JE, DA YADDA ZA A KIYAYE

Wannan aiki na likitocin fiɗar baki da fuska ne. Akwai sassansu a manyan asibitocin koyarwa, kamar na Zariya, da Kano, da Sakkwato, da Maiduguri, da Ibadan, da Ile-Ife, da Legas, da Inugu, da kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. A fara daga asibitin da ya fi kusa, a karɓi takardar turawa. Ga waɗanda zaizayar baki ta taɓa, akwai asibitin yara na musamman a Sakkwato wanda aka kafa a 1999, kuma ƙungiyar likitoci ta Médecins Sans Frontières ta shiga taimaka masa a 2014. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa wannan cuta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta amince a watan Disamba na 2023.

Rigakafi dai ya fi magani. Duk yaron da ya faɗi a kan haɓa, a sa likita ya duba gaban kunnuwansa, ba tsagar haɓa kaɗai ba, kuma a riƙa gwada yatsunsa uku a bakinsa har tsawon shekara. Kunnen da ke ruwa a kai shi asibiti, kada a ɗiga masa abin da ba a sani ba. A yi wa yara allurar ƙyanda a wata 9 da kuma wata 15. A ba su abinci mai gina jiki, wake da gyaɗa da ƙwai da madara da ganye, gwargwadon hali. A riƙa leƙa bakinsu, a wanke musu haƙora, kuma dasashin da ke jini yana wari ga yaro mai zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar.

A ƙarshe, ina roƙon masu unguwanni, da limamai, da shugabannin majami'u, da malaman makaranta, da ungozomomi: kun san gidajen da ake ɓoye irin waɗannan yara. Ku je ku gaya wa iyayensu abin da kuka ji. Ku gaya musu ba iska ba ce, ba kuma laifin kowa ba ne, kuma ko wanda ya girma da ita ana iya buɗe masa baki. Ku taimake su da kuɗin mota in ya kama, ku kuma riƙa tambayarsu bayan sun dawo ko ana nan ana sa katakan.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya raya mana zuriya.